Shekarar da Na Kira 'Yar Fari da Sunanta

Ranar Talata ce, mako biyu bayan babbar salla, da ƙarfe goma sha ɗaya saura kwata na safe, a shekara ta biyu da ƙaddamar da shari'a a jiharmu. Mu huɗu ne a gaban likita a babban asibiti na Zariya: ni, da Gwaggo Kande ƙanwar marigayi kakanki, da mahaifinki Malam Iro, da mahaifiyarki. Tana zaune a bakin gado ta ja mayafi ta rufe kafaɗarta ta hagu, ɓangaren da aka cire mata mama saboda ciwon daji. Gashinta bai gama dawowa ba daga ƙarin ruwan maganin daji da aka yi ta yi mata. An aika da wani yanki na abin da aka cire zuwa wani wuri mai nisa domin a gwada, ranar nan kuma aka kira mu mu ji sakamako.

Zainabu, da ke nake magana, ko da yake na san 'ya'yan kawunnanki ma za su karanta. Kin girma da labarin cewa mahaifinki ne ya hana mahaifiyarki shan magani saboda yana son haihuwa, har ciwo ya kashe ta. Na ga yadda kike gaishe shi a tsaye. Na kuma ji kin ce ba ki son ya zama waliyyinki. Wannan labari ƙarya ne, ni kuwa ban taɓa barin kuskure a kan allo na fita daga aji ba. Ba zan fara yanzu ba da nake shirin fita daga duniya.

Sai kin san yadda muke da mahaifiyarki kafin ki fahimci sauran. Ita ce 'yar farina. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, aiki ya kai shi kudancin Zariya, can na shiga makarantar mishan domin babu wata a garin. Matan da suka koyar da mu ba su taɓa addinina ba, amma sun taɓa kusan kome da kome nawa. Sun koya mini cewa ƙarfe bakwai ba ta nufin bakwai da minti biyar, cewa shafi mai ɗigon tawada a yaga shi a sake, cewa abin da ba ka tabbatar ba kada ka faɗe shi. Da wannan tarbiyya na riƙe makarantar 'yan mata a nan Daura har na yi ritaya. Abu guda ne ba su iya cire mini ba, shi ne kunyar ɗan fari. Tun da aka yaye mahaifiyarki Gwaggo Kande ta ɗauke ta, domin ita Allah bai ba ta haihuwa ba. Gwaggo take kira Inna, ni kuma Malama, kamar yadda kowa ke kira na. Ban taɓa ambaton sunanta ba, ban taɓa duban idonta na yi mata magana ba. Idan ina da saƙo sai in ce da Gwaggo, ki faɗa wa yarinyar nan kaza, ko da kuwa tana zaune a tabarma ɗaya da mu. Kada ki ɗauka rashin so ne. Haka aka yi mini, haka na ga ana yi, ban kuma taɓa jin nauyinsa ba sai a wannan shekara.

Likitar mace ce, mutuniyar kudu, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Saboda haka aikin tafinta ya faɗo kaina, domin Malam Iro fataucin shanu ya sani, Gwaggo kuwa ko baƙi ba ta sani ba. Likita ta ce akwai labari mai daɗi a cikin marar daɗi. Ta ce jikin kowace mace yana fitar da wani sinadari daga ƙwan mahaifa, shi ne ke tafiyar da al'ada, shi ke shirya mahaifa da mama domin ɗaukar ciki da shayarwa. Sinadarin ba ya aiki sai ya sami mazauni a jikin ƙwayoyin halitta, wurin da aka yi daidai da shi. Gwaji ya nuna ƙwayoyin ciwon mahaifiyarki cike suke da irin wannan mazauni, wato da abincin da ke raya mace ciwon yake rayuwa. Akwai kuma ƙwayar magani ƙarama wadda ke riga sinadarin zama a wurin, ta toshe shi, duk abin da ya rage na ciwon a jiki ya rasa abin ci. Na fassara wannan jimla bayan jimla, ina kallon Gwaggo. Malam Iro ya murza hularsa, ya ɗago.

"Malama, tambaye ta. Wato kamar takunkumin da muke sa wa ɗan maraƙi? Nono na nan a jikin uwa, amma bakinsa ba ya kaiwa?"

Na tambaye ta. Ta yi murmushi ta ce haka ne. Sannan ta daina murmushin. Ta ce ƙwaya ɗaya kullum har shekara biyar, babu fashi. A cikin shekarun nan kuma ba a yarda a ɗauki ciki ba, domin maganin yana lahanta ɗan tayi, ciki kuma yana cika jiki da wannan sinadari fiye da kowane lokaci, ciwon nata kuwa ya riga ya taɓa ƙasan hammata kafin a cire shi. Maganar ciki ce, ta 'yar farina, a gaban surukina. Na juya wa su biyun baya na fuskanci bango, na faɗa wa Gwaggo, Gwaggo ta faɗa wa ɗakin.

"To, kun ji Baturiya," in ji Gwaggo, haka take kira na tun ina amarya. "Shekara biyar a kwana wa da ƙanwa. Iro, kai ka ji, ba ni ba."

Babu wanda ya yi dariya sai ita. Mahaifiyarki ta yi sakandare, Turancinta ya fi na malamai da yawa da na yi aiki da su. Ta ji maganar sau uku, daga likita, daga gare ni, daga Gwaggo. Kada wani ya taɓa ce miki ba ta fahimta ba. Tambaya ɗaya ta yi, da Turanci, ba ta bi ta kaina ba. Ta ce bayan shekara biyar ɗin fa, za ta iya haihuwa? Likita ta dubi shekarunta a kati, ta ce ba za ta yi mata alkawari ba. A lokacin ta haura talatin da biyar, ta kuma fi shekara goma sha biyar a gidan mahaifinki ba ta taɓa ko ɓari ba. Wannan tambaya da amsarta ban fassara su ba, babu kuma wanda ya nemi in fassara.

Da muka dawo Daura na ɗauki maganin nan kamar yadda nake ɗaukar jarrabawa. Kullum bayan na karya sai in ɗauki lemata in bi ta gefen Kusugu in nufi gidansu, ƙarfe bakwai ta same ni a tsakar gida. Gwaggo ta tare a can tun da aka yi aikin. In tsaya a bakin ƙofar ɗaki in ce, a ba yarinyar nan maganinta. Ba na tafiya sai na ji an ajiye kofi.

"Ga insifeto nan ta iso," Gwaggo za ta ce. "Tashi, 'yar nan, ki haɗiye kafin a sa mu kneel down a rana." Kalmar Turanci ke nan guda da ta sani, a bakin ɗalibaina ta tsince ta.

Maganin bai bar ta ta huta ba. Zafi yakan taso mata daga ƙirji zuwa fuska ba zato ba tsammani, ta jiƙe sharkaf ko da ana ruwan sama, mafici ba ya barin hannunta. Al'adarta ta rikice. Amma ta yi ƙiba kaɗan, gashi ya dawo, ta koma ɗinkin hulunan da take yi. Akwai kuma Asabe, 'yar ƙanin mahaifinki, wadda aka ba ta riƙo tun daga yaye. Yarinyar tana aji biyu a lokacin, ita ke cika gidan da surutu, a bayan mahaifiyarki take barci. Ina ganin da an bar gidan nan yadda yake, da an kai shekara biyar.

Ba ki san yadda garin yake a shekarun nan ba. Mutane sun ɗauki addini da zafi, wanda alheri ne, amma tare da shi zargi ya yi yawa. Ana ta raɗe-raɗin cewa akwai magungunan da ake shigowa da su domin a tsayar da haihuwar matan Musulmi. Da aka ji a unguwa cewa matar Iro tana shan wata ƙwaya kullum, an kuma ce kada ta yi ciki, sai magana ta tashi. Mata masu zuwa dubiya su ce, ai daji ba ya son ƙarfe, tun farko bai kamata a yanka ba, yanzu kuma ga shi an ɗaure mata mahaifa. Abokan fataucinsa su tare shi a kara, kasuwar shanu, su ce tsohuwar 'yar mishan ta sa masa tsarin iyali a gida. Abin ya dame shi, har ya je wurin wani malami da ake ji da shi a garin nan ya zayyana masa kome. Daga can gidana ya wuce. Ya tsuguna a zaure, ni ina daga ciki, kamar yadda muka saba.

"Malama, na je na tambaya. Malam ya ce kiyaye ran da ke hannu yana gaba da neman wanda bai zo ba. Ya ce in likita amintacciya ce, bin maganarta wajibi ne. Ni dama hankalina ne nake so ya kwanta. In shekara goma ce ma na haƙura. Ita nake so a gidan nan, ba abin da za ta haifa ba."

Haka ya faɗa, ban ƙara masa ko wasali ba. Wannan shi ne mutumin da kike gaisarwa a tsaye.

Sai aka ɗauke Asabe. Uwarta ta zo daga Mashi ta ce yarinya ta je ta yi musu hutun makaranta. Hutu ya ƙare ba a dawo da ita ba. Da Malam Iro ya bi sawu, ƙaninsa ya yi ta kame-kame, daga baya ya fito fili ya ce matarsa ta ji an ce ciwon yana bin kwano da numfashi, ba za ta bar 'yarta tana kwana a bayan mai daji ba. Na aika musu cewa wannan jahilci ne, ciwon ba ya yaɗuwa. Suka ce sun ji, sun gode. 'Yan'uwan nan biyu sun yi shekaru ba sa ga maciji a kan wannan. Mahaifiyarki ba ta yi kuka a gabana ba. Washegari da na zo da bakwai na tarar ta wanke kayan yarinyar duka ta goge ta ɗaure a ɗankwali, har da wani ɗan takalmin roba mai tsinkakkiyar igiya. Ta ce da Gwaggo, amma da murya mai ƙarfi domin in ji:

"Inna, ke kin yi sa'a. Taki ba a karɓe ba."

"Wa zai karɓa? Baturiya? Ai ita da jaridu aka haɗa ta."

"Ni dai na gane. Abin da ba kai ka haifa ba, ranar da ka fi bukatarsa ranar ake zuwa da mota."

A farkon daminar shekarar na je Dutsi duba kawunki Bashir da iyalinsa, santsi ya kwashe ni a bakin rijiya, ƙashin cinyata ya karye. Aka ɗaure, aka ce kada in motsa. Damina guda na yi a kwance a gidan ɗana, ina kallon rufi, ina aika wa Gwaggo da tambaya ɗaya a bakin duk wanda zai je Daura: ana sha a kan lokaci? Amsa kullum ita ce lafiya lau. Sai da aka fara yankan gero Malam Iro ya biyo ta Dutsi daga kasuwar Mashi. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya yi mini ya jiki, ya ajiye ƙwaryar man shanu. Na lura muryarsa ta sake, kamar ta wanda aka sauke wa kaya. Na yi masa tambayar da na saba.

"Wane magani kuma, Malama? Ai an sallame mu tun ruwan farko. Da suka je Zariya ita da Gwaggo, likita ta ce jiki ya yi kyau, ciwo ya mutu, ba sai an kai shekara biyar ba. Har rago na yanka. Na ɗauka Gwaggo ta aiko miki."

Na ce ba ta aiko ba.

"To, ƙila ba ta so ta tayar miki da hankali da murna kina kwance." Ya yi 'yar dariya, ya sunkuyar da kai yana zane a ƙasa da yatsa. "Akwai ma wani albishir. Amma ba a bakina za ki ji shi ba."

Na rayu shekaru masu yawa, na binne miji da iyaye da ƙanne, amma ban taɓa jin sanyi irin wanda ya ratsa ni a lokacin ba. Ban ce masa kome ba sai dai ya nemo mota. Ya ce ai ƙafata ba ta warke ba. Na ce ban tambaye shi labarin ƙafata ba.

Bayan la'asar muka isa. Na ce ya jira a waje. Na shiga da sanda, kowane taku kamar ana soka mini ƙusa. Suna tsakar gida su biyu suna yanka kuɓewa za su shanya. Abin da na fara gani shi ne babu mafici kusa da ita, fuskarta a bushe take, ta yi fari ta yi kyau irin wanda ban taɓa ganin ta yi ba. Gwaggo ta buɗe baki za ta yi wasanta, ta dube ni, ta rufe. Na juya wurinta bisa al'ada, na fara cewa, ki tambayi yarinyar nan. Sai na ga ba zan iya ba. Maganar ta fi ƙarfin a aike ta. Na juyo na dubi 'yata a ido.

"Hadiza."

Wuƙar ta faɗi daga hannun Gwaggo. Ta ce, "La'ilaha illallahu. Baturiya, lafiyarki?" Mahaifiyarki kuwa ta ɗago a hankali, kamar ba ta tabbata da ita ake ba.

"Hadiza, likita ba ta sallame ki ba."

"Ba ta sallame ni ba, Malama."

"Me ta ce?"

"Ta ce jiki ya yi kyau, in ci gaba."

"Kika faɗa wa Innarki wani abu dabam, kika faɗa wa mijinki wani abu dabam. Kika bar bawan Allah ya yanka rago a kan ƙarya."

"Da na faɗa masa gaskiya ba zai yarda ba. Ke ma kin san shi."

Gwaggo ta fara salati tana tafa hannu, tana cewa ita wallahi ta ga likita tana murmushi, me ta sani ita, yarinya ta cuce ta. Na ce ta yi mana shiru. Na zauna a kan turmi domin ƙafar ta ƙi ɗaukata. Na yi wa 'yata magana mai tsawo, irin wadda ban taɓa yi mata ba tun da ta zo duniya. Na sake bayyana mata mazaunin nan da sinadarin nan kamar ina gaban allo. Na ce mata duk safiyar da ta wuce ba ta sha ba, abin da ke ɓoye a jikinta yana samun abinci. Na ce zan je Mashi da kaina, da wannan ƙafa, in durƙusa wa uwar Asabe. Na ce in yaro take so, Bashir yana da biyar, ta zaɓa. Daga ƙarshe na bar hujja na koma roƙo, ni da ban taɓa roƙon kowa ba. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba, domin Gwaggo ta yi mata tarbiyya.

"Malama, kin gama? To ki ji tawa. Duk abin da kika faɗa na sani. Na tambayi ma'aikaciyar jinya tsawon lokacin da maganin ke ɗauka kafin ya fita daga jiki, na jira har ya fita, don kada ya taɓa abin da zai zo. Ban yi da ka ba. Shekara biyar ɗin nan in na cika su, me zan tarar a ƙarshensu? Likita da kanta ta ƙi yi mini alkawari, kina wurin, ke ce ma ba ki fassara ba. In sha magani in rayu in tsufa ina goge kayan 'ya'yan mutane ana zuwa ana kwashewa? Shekara goma sha biyar ina roƙon Allah. Yanzu ya amsa."

"Wata nawa?"

"Uku."

Ta ɗauki wuƙar da Gwaggo ta yar ta goge a zaninta. Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ashe haka sunana yake a bakinki. Na sha tunanin yadda zai fito."

Ni na faɗa wa mahaifinki, a zaure, a tsaye, kafin magariba. Ban san yadda ake lulluɓe magana ba, ban kuma lulluɓe ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kuma na yi ta rabon nama gida-gida." Ya shiga ciki. Ban ji ya ɗaga murya ba, a ranar ko bayanta.

Mun koma Zariya a makon. Likita ta saurara, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce maganin ba zai yiwu ba yanzu sai an haihu. Ta ambaci hanya ɗaya da ta rage, wato a cire cikin, mahaifiyarki ta miƙe tsaye tun ba a rufe baki ba, aka bar zancen. Ba abin da ya rage sai jira. Watannin nan ita kaɗai ce mai farin ciki a cikinmu. Tana ɗinka 'yan riguna, tana cin ɗanyen mangwaro da gishiri, tana tsokanar Gwaggo. Ni kuwa na ci gaba da zuwa da bakwai, ba don akwai abin da zan duba ba, sai don ƙafata ta saba. Na koma yi mata magana ta bakin Gwaggo. Wancan kira guda ɗaya ne, ban ƙara ba.

An haife ki lafiya da hantsi, a gidana, cikin zafin bazara. Likita ta ce a koma kan magani nan take, a ba ki madara. Mahaifiyarki ta ce sai ta yi arba'in tana shayar da ke da maman da ya rage mata. Arba'in ta wuce, ta ƙara wata, ta ƙara wani. Tun ana wankan jego take kukan ciwon baya, mata suka ce na haihuwa ne, a ƙara mata kunun kanwa, a gasa mata da ruwan zafi. Da ya kai ba ta iya ɗaga ki daga shimfiɗa, aka ɗauki hoto. Ciwon ya shiga ƙashin baya da ƙugu. Ta koma shan ƙwayar a lokacin, da kanta, da bakwai daidai, ba wanda ya tsaya mata a ƙofa. Ƙwayar ta ɗan riƙe ta na wasu watanni, daga nan ta daina riƙewa.

Akwai abin da nake so ki karanta sau biyu. Na tambayi likita ƙarara ko cikin ne ya jawo. Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Ta ce akwai waɗanda suka sha maganin har ƙarshe ciwon ya dawo, akwai waɗanda suka haihu bayansa suna nan da ransu, na mahaifiyarki kuma tun farko ya riga ya yi nisa. Barin magani da wuri ya rage mata kariya, wannan ta tabbatar. Saura kuwa babu wanda ya sani sai Allah. Saboda haka ban cire laifi daga kan mahaifinki don in ɗora miki ba. Na shekara ashirin ina juya lissafin nan, bai taɓa fita daidai ba, na kuma daina sa ran zai fita.

Tana kwance mutane suka fara neman mai laifi. Waɗanda da suka ce mahaifinki ya bari an ɗaure wa matarsa mahaifa, su ne suka juya suka ce shi ya matsa mata. Shaida kuwa ga ta a fili, kowa ya ci naman ragonsa. Na ce zan tara dangi in warware. Ya same ni a barandar asibiti, ya tsuguna nesa kamar kullum, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa.

"Malama, don Allah ki bari. In kika faɗa, me za a ce? Za a ce ta yi wa mijinta ƙarya. Yarinyar nan za ta tashi ta ji uwarta maƙaryaciya ce, ko ta ji saboda ita uwarta ta mutu. Ni namiji ne, ina da kasuwa, ina da tafiya. Bari su ce ni ne."

Na ce ƙarya ba ta zama gaskiya don an yi ta da kyakkyawar niyya. Ya ce ya sani, amma in yi masa alkawari. Na yi. Gwaggo ma ta yi, ta kuma tafi kabari da shi. Har yau bai sake ni daga alkawarin ba, bai ma san ina wannan rubutu ba. Ni na saki kaina, domin ya nemi in rufa wa matarsa asiri, bai nemi in zuba ido ya rasa 'yarsa ba.

Da likitoci suka ce babu sauran abin yi, mahaifiyarki ta nemi a mayar da ita gida. Aka shimfiɗa mata a ɗakin Gwaggo, kusa da taga, inda za ta riƙa ganin tsakar gida. Kin fara tsayuwa a lokacin, kina bin bango. Ba ta iya ɗaukarki, sai a kwantar da ke a gefenta na dama ta sa hancinta a cikin gashinki. Wata safiya na tarar kin saki bango kin yi taku biyu kin faɗi a kan gindinki, kina ihu. Ta yi dariya har ciwo ya tsayar da ita. Da numfashinta ya dawo ta ce da Gwaggo, "Inna, ki faɗa wa Malama ban yi nadama ba. Ta rubuta haka in za ta rubuta." Ga shi na rubuta. Ban yarda da ita ba a lokacin, ban kuma yarda ba har yanzu.

Ta rasu ranar Alhamis kafin azahar, a cikin watan Sha'aban, tana da shekara talatin da takwas. Ba ki kai yaye ba tukuna.